An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tsakanin Dankali Da Kwalbar Mai



Ina da kawu da ya shafe shekara ashirin da 'yan kai yana aiki a wani kamfani a Sharada. A wajen inji ya fara, da ƙarfi ya ja baya aka mayar da shi bakin get, inda aikin duk zama ne. Haƙora sun soma yi masa gardama, don haka abincin da ya fi so shi ne dankalin turawa, a dafa shi ligif, a dame shi da muciya, a zuba bota da madara. A bara aka auna shi a asibiti, aka ce jininsa ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, sai ya rage ƙiba. Yana dawowa gida Inna ta yanke hukunci: daga yau an soke dankali a gidan nan. Me ya maye gurbinsa? Shinkafa da mai da yaji, taliya da manja, ƙosai da safe. Kwalbar mai tana nan inda take a kicin, ko hararar ta ba wanda ya yi.

Na ce mata, "Inna, anya ba a bar jaki ana dukan taiki ba?" Ta ce, "Kai ɗan nan, abinci ba mai ai sai gidan yari." Wannan amsa tata ce ta sa ni rubutun yau, domin ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Yawancinmu haka muka taso, muna auna kirkin mai girki da yawan man da ke kwance a saman kwano.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, abin da jiki bai ƙona ba kuma sai ya adana shi a matsayin kitse. Dafaffen dankalin turawa giram 100 bai kai kalori 90 ba, saboda mafi yawansa ruwa ne. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, yana da kalori kusan 120. Dalili shi ne kowane giram na mai yana ba da kalori 9, na sitaci kuwa 4. To a ɗauki rabin kilo na dankali, wanda zai cika kwanon magidanci: kalori 430 ne ko kusa da haka. A zuba masa mai cokali huɗu, abin da ludayi ɗaya ke ɗauka cikin sauƙi: an ƙara 480. Man da ido bai ɗauke shi a bakin komai ba ya fi dankalin gaba ɗaya nauyi. Idan kuwa soya shi aka yi a cikin mai tsundum, giram 100 ɗin nan yakan kai kalori 300, ya ninka sau uku ke nan.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta Sharada, Challawa ko Bompai a lokacin tashin ma'aikata ya san abin da ke bakin ƙofofin kamfanoni: kaskon mai doya da dankali, mai awara, mai shayi da indomi da ƙwai. Ba na zargin waɗannan bayin Allah, neman halal suke, kuma abin da mai saye ke so suke sayarwa. Ma'aikacin da aka ba rabin awa ya ci abinci ba shi da lokacin zaɓe. Amma wanda ya ci soyayye da rana a wajen aiki, ya dawo gida da dare ya tarar da fate yana iyo a manja, shekara ashirin a jere, jikinsa zai kawo masa takardar bashi wata rana. Ta kawuna ta riga ta iso.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za a ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, mai dakon buhu a Bompai ko mai jan fata a majemar Challawa yana buƙatar abinci mai nauyi, kuma a wannan tsadar rayuwa maganar rage kalori maganar masu ƙoshi ce. Na yarda cewa mai aikin ƙarfi yana ƙona abin da ya ci, ban ce a rage masa kwano ba. Sai dai a kamfanin nan guda akwai maigadi, akwai direba, akwai akawu, akwai mai zaman sito, duk a zaune suke wuni, kuma kwano ɗaya suke ci da mai dako. Ga matanmu a gida, ga tsofaffi da suka bar aiki amma cin bai canza ba. Batun tsada kuwa, ai shi ne ma hujjata. A je kasuwar Singa a tambayi kuɗin galan na mai. Gidan da ya rage rabin man da yake sha ya rage kashe kuɗi, bai ƙara ba.

Ga yadda muka sasanta da Inna, kuma yau wata takwas ke nan ana yi.

Na farko, a wanke dankalin sosai a dafa shi da ɓawonsa, ko a kankare sama-sama. Ɓawon yana da harza mai taimaka wa ciki, kuma yana rage abin da ke tsiyayewa cikin ruwan dahuwa. Duk inda ya yi kore ko ya fito da tsiro a yanke a zubar, domin wurin yana tara wani sinadari mai guba.

Na biyu, wajen damawa a ajiye bota. A yi amfani da ɗan ruwan da aka dafa shi, sannan a kawo nono. A nan mun fi Turawa sa'a: su sai sun sayi madarar da aka cire wa kitse a kanti, mu kuwa tsala da Fulani ke kawowa an riga an kaɗe man shanunsa. Yana ba dankali laushi da ɗan tsami mai daɗi. A tabbatar dai mai tsabta ne, kuma a zuba shi bayan an sauke tukunya.

Na uku, kada dankali ya tafi shi kaɗai. A raba tukunyar: kashi biyu dankali, kashi ɗaya kabewa ko karas, a dafa tare a dame tare. Kabewa ba ta kai rabin kalorin dankali ba, ga launi mai kyau. A yanka alayyahu ko a zuba dafaffen zogale a ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma ba ta lissafa dankali da rogo a ciki. Wato wanda ya ci dankali zalla bai ci kayan lambu ba tukuna. A gefe a sa wake, ko busasshen kifi, ko dafaffen ƙwai, su ne ke riƙe ciki har la'asar.

Na huɗu, ɗanɗano. Abin da ke sa mu cika mai da dunƙule shi ne tsoron salam. To albasa, tafarnuwa, citta, attaruhu da daddawa suna nan, da su kakanninmu suka yi girki kafin a san dunƙule. Hukumar da na ambata ta ce gishirin babban mutum a rana kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙule kansa mafi yawansa gishiri ne. Mai hawan jini da aka hana gishiri aka jefa masa dunƙule huɗu, ba a yi masa komai ba.

Na biyar, kuma shi ne gaba da duka: a auna mai da cokali. Ba a tuntsura kwalba a kan tukunya. A soya albasa da cokali ɗaya, a juye a kan dankalin daga ƙarshe, ƙamshin yana sama inda hanci da harshe za su same shi. Wannan ƙa'ida ta hau kan faten dankali, faten doya, har da dankali da ƙwai na buɗa-baki da azumi.

Kada kuma in yi wa dankali shaidar zur. Damammen dankalin turawa mai zafi yana saurin narkewa, yana ɗaga sukarin jini da sauri. Mai ciwon sukari ba zai zauna da kwano guda don an ce ba mai a ciki ba. Nasa kaɗan ne, kamar dunƙulen hannunsa, ganye da wake su cika sauran wurin. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likitansa, domin dankali yana da sinadarin fotasiyam da yawa, wanda ke da amfani ga mai lafiya amma yakan zame wa mai ƙoda matsala. Abin da aka faɗa maka a asibiti yana gaba da abin da na rubuta a nan.

Dankalin nan daga tsaunukan Kudancin Amurka ya fito asali, ya sami gida a Filato, manoman Bokkos da Mangu da Barikin Ladi suna nomansa, motoci suna sauke shi a kasuwar 'Yankaba. Mutanen da suka fara nomansa shekaru dubbai da suka wuce dafawa suke yi da gasawa, kuma ya riƙe su. Mu ne muka nutsar da shi a mai, muka dawo muna kuka da shi.

Ranar farko da aka kai wa Kawu sabon damun, ya ɗanɗana ya yi shiru, ya ce, "Wannan kabewa ce ko?" Muka ce ita ce. Ya ce, "To a ƙara yaji." Shi ke nan ƙorafinsa. Ba zan ce muku ya warke ba, yana nan yana shan maganinsa, yana zuwa awo duk wata. Amma ya dawo da cin abin da yake so ba tare da fargaba ba, ya kuma ƙara huda a bel ɗinsa. Inna kuwa kwalbar da take ƙarewa a mako yanzu tana kaiwa kwana goma sha biyu, ita ce ma ke ba maƙwabta labari kamar ita ta ƙirƙiro.

Roƙona ga iyayenmu mata da 'yan uwa masu girki: a gwada na mako ɗaya, a ajiye cokali kusa da kwalbar mai a riƙa ƙirgawa. Ga magidanta kuma, ranar da kuka ga man ya ragu a kwano kada ku ce an yi muku rowa, domin tsoron wannan kalma ce ke sa ake tuntsura kwalbar. Wanda ya gwada ya zo ya ba mu labari, wanda bai yarda da ni ba ma ina jiran hujjarsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.