Ruwan sama ba hujjar yanke zumunci ba ne



Wata ɗabi'a ta yaɗu a Yamai: da hadari ya haɗo, sai mutum ya fasa ziyarar mahaifiyarsa, ya aika saƙon murya a WhatsApp, ya ce ya sada zumunci. Amma wannan ruwan bai hana shi zuwa kasuwa ba, bai hana shi gidan kallon ƙwallo ba.

Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito rangwamen yin salla a gida ranar ruwa. To, rangwamen jam'i ne. Wa ya ba ka rangwamen mantawa da tsohuwar da ɗakinta na ƙasa ke yoyo? Ambaliyar 2020 ta rusa gidaje a Lamorde da Saga. Ranar ruwa ce ranar da dangi suka fi buƙatarka. Saƙon murya ba ya kwashe ruwa daga ɗaki.

Ba mu ce ka faɗa cikin kwararar ruwa ba. Rai amana ne. Jira ya tsagaita, ka biya taksi, ka tafi da hannunka riƙe da wani abu. Karanta Suratu Muhammad, aya ta 22 da 23, ka ga makomar mai yanke zumunci.

Allah Ya sa mu dace.