RA'AYINMU: Abin Da Ya Rusa Tarayyar Sobiyet Da Darasinsa Ga Manomanmu

A daren 25 ga watan Disamba na shekarar 1991 aka sauke jar tutar nan mai hoton guduma da lauje daga fadar Kremlin da ke birnin Mosko, bayan Shugaba Mikhail Gorbachev ya yi murabus. Mulkin kwaminisanci da aka kafa tun juyin-juya-halin 1917 ya zo ƙarshe, Tarayyar Sobiyet kuma ta wargaje zuwa ƙasashe 15, alhali babu wata rundunar abokan gaba da ta keta iyakarta. Ita ce fa ƙasar da ta fara tura mutum sararin samaniya a 1961, ita ta sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi a lokacin yaƙin basasarmu, injiniyoyinta kuma su suka gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta. A ganin wannan jarida, manomin Funtuwa da Malumfashi ya fi kowa cancantar ya fahimci abin da ya ci wannan ƙasa, domin a gona ciwon ya fara.

Kowane ɗan karkara ya san bambancin gandu da gayauna. A gandu ana yi wa maigida aiki, amma kowa ya san daga rumbun nan zai ci, daga nan kuma za a yi masa aure. Daga 1929 Joseph Stalin ya ƙwace gonakin talakawa da dabbobinsu ya haɗe su wuri ɗaya, ya mai da ƙasar baki ɗaya gandun gwamnati, sai dai maigidan wannan gandu yana zaune ne a ofis a Mosko, shi ke yanke abin da za a shuka da ranar girbi da farashin da za a biya. Manoma da yawa suka gwammace su yanka shanunsu da su miƙa su, aka kuma kori masu ɗan hali zuwa Sibiriya. A 1932 da 1933 yunwa ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan, a daidai lokacin da hukuma ke kwashe hatsi daga ƙauyuka.

Daga baya aka bar wa kowane gida 'yar gayauna a bayan ɗaki. Waɗannan gayaunu ba su wuce kashi 3 cikin ɗari na ƙasar noma ba, amma a shekarun 1970 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin gonar ƙasar daga cikinsu yake fitowa, musamman dankali da kayan lambu da ƙwai da nama. Rasha wadda kafin 1914 take ciyar da Turai da alkama sai ga ta tana sayen hatsi daga waje a 1963, a 1972 kuma ta je ta sayo daga wurin babbar abokiyar gabarta, Amurka. Muddin man fetur yana da tsada ana iya rufe wannan ɓaraka. Da farashin ganga ya faɗo daga kusan dala 30 a ƙarshen 1985 zuwa wajen dala 10 a tsakiyar 1986, sai kuɗin sayen abinci ya yi ƙaranci, layin nama da man shanu ya ƙara tsawo a birane. Mu ma ba mu manta da wannan shekara ba, domin a cikinta gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP.

Dalili na biyu shi ne ƙarya. Inda hukuma ce ke yanka wa kowane yanki adadin da zai noma, kuma ba a yarda a ce an kasa ba, dole ma'aikaci ya rubuta abin da na sama yake son ji. A Uzbekistan, yankin audugar tarayyar, shugabannin jam'iyya a zamanin Sharof Rashidov sun yi shekaru suna rubuta audugar da ba a noma ba, baitulmali yana biyan kuɗinta, sai daga 1983 asirin ya fara tonuwa. Ruwan da aka karkatar don ban-ruwan wannan auduga shi ya ƙafar da mafi yawan tekun Aral. Haka nan da tashar nukiliya ta Chernobyl ta yi bindiga ranar 26 ga Afrilu 1986, sai da ƙasar Sweden ta gano gubar a iskarta kafin Mosko ta amsa, Gorbachev kuwa bai yi wa jama'a jawabi ba sai ranar 14 ga Mayu. Hausawa na cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Da Gorbachev, wanda ya hau mulki a 1985, ya ba 'yan jarida damar faɗin gaskiya don a gyara tsarin, sai abin da ya fito ya yi yawan da ba sauran mai amincewa da jam'iyyar.

Dalili na uku shi ne nauyin bindiga. Gasar makamai da Amurka ta cinye dukiyar da ya kamata ta shiga gona da asibiti, yaƙin Afganistan daga 1979 zuwa 1989 ya ci rayukan sojojin Sobiyet kimanin 15,000. Ƙawayenta na gabashin Turai kuwa da tankokin yaƙi aka riƙe su, kamar yadda aka gani a Hangari a 1956 da Cekoslobakiya a 1968. Ranar da Gorbachev ya nuna cewa ba zai sake tura tanka ba, sai gwamnatocin suka zube cikin 'yan watanni. A watan Yunin 1989 ƙungiyar ƙwadago ta Solidarity ta lashe zaɓe a Foland, a 9 ga Nuwamba aka buɗe katangar Berlin, a ranar Kirsimeti kuma aka harbe Nicolae Ceausescu na Romaniya.

Dalili na huɗu ya shafi zuciyar ɗan Adam. Jam'iyyar ta rufe dubban majami'u da masallatai, ta ɗaure limamai da fastoci, tana koyar da yara cewa babu Allah. Duk da haka a wuraren ibada ne mutane suka fara samun bakin magana. Ziyarar Paparoma John Paul na Biyu zuwa Foland a 1979 ta tara miliyoyin mutane waɗanda suka ga yawansu da idonsu. A birnin Leipzig na Jamus ta Gabas daga addu'ar ranar Litinin a majami'ar Nikolai aka fito, har mutum kimanin 70,000 suka cika titi ranar 9 ga Oktoba 1989, 'yan sanda suka kasa harbi. Iskar ta iso Afirka: Mathieu Kerekou na Jamhuriyar Benin ya yi watsi da aƙidar Markisanci a ƙarshen 1989, Mengistu na Habasha ya gudu a watan Mayun 1991.

Ba a taɓa yin mulkin kwaminisanci a Nijeriya ba, amma mutanen wannan yanki sun ɗanɗani wani abu mai kama da shi. Tun zamanin Turawa har zuwa 1986 manomin auduga ba shi da ikon sayarwa sai a fuloti, ga wakilin da hukuma ta ba lasisi, a kan farashin da aka yanka tun kafin a tsinci auduga. Hukumar Auduga ta Nijeriya da aka kafa a 1977 a Funtuwa hedkwatarta ta kasance. Rarar da ke tsakanin farashin fuloti da na kasuwar duniya ta gina abubuwa a birane, manomi kuwa ya ba da amsa irin ta takwaransa na Yukren, ya janye ƙarfinsa. Da shirin bunƙasa noma na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa ya kawo taki da iri daga 1975, da yawa suka koma masara, wadda mutum ke kai kasuwar Dandume ko Bakori ya sayar da bakinsa.

Wajibi ne kuma mu yi adalci. Waɗanda suka yi sha'awar gurguzu a Arewa zaluncin da suka gani ne ya kai su. Malam Aminu Kano da almajiransa sun yi yaƙi da haraji da jangali da aikin tilas, Alhaji Balarabe Musa kuma ya soke haraji da jangali da ya zama Gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikinta. Kukan talaka gaskiya ne, faɗuwar Mosko ba ta share shi ba. Sakin kasuwa barkatai ma ba magani ba ne. Da Rasha ta saki farashi a Janairun 1992, tsadar kaya ta cinye ajiyar tsofaffi, 'yan tsiraru suka mallake masana'antun ƙasa. Mu ma da aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona a 1986 ba tare da an tanadi mai kula da iri da ingancin auduga ba, sai iri ya gauraye, daraja ta faɗi, masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta Tarayya da su bar wa manomi gonarsa da ikon sayar da amfaninsa inda ya ga dama, su kuma riƙe abin da yake nasu, wato tsaro, hanya, ingantaccen iri da ma'aunin gaskiya. Manomin Faskari ko Sabuwa da 'yan bindiga suka raba da gonarsa ba shi da bambanci da wanda hukuma ta ƙwace wa. Muna kuma kira ga ma'aikatan gona da su daina rubuta buhunan takin da ba su isa ƙauye ba, shugabanni su saurari mai kawo musu labari marar daɗi maimakon su tsangwame shi. Malaman addini, Kirista da Musulmi, kada su bari a saye bakinsu da kujerar Makka ko ta Urushalima. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya, ya ba manomanmu damina mai albarka.