Wanda ke jiran shari'a a gidan kaso, ina ƙuri'arsa?

Ranar 21 ga watan Fabrairu na 2016 ƴan Nijar suka fito zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa. Da aka bayyana sakamako, Issoufou Mahamadou ya samu kashi 48 da ɗoriya cikin 100, marigayi Hama Amadou ya zo na biyu da kusan kashi 18. Wanda ya zo na biyun nan kuwa ko taron gangami guda bai yi ba, don tun watan Nuwamba na 2015 yana tsare a gidan kason Filinge. Kotun tsarin mulki ta amince da takararsa bisa dalili guda: zargi ne a kansa, ba a riga an yanke masa hukunci ba.

Ba siyasar wancan lokaci ce ta kawo mu ba. Abin da muke so masu karatu su lura da shi shi ne, dalilin da ya ba babban mutum damar a zaɓe shi yana kaso, shi ne ya kamata ya ba talaka damar ya yi zaɓe yana kaso.

Tsarin mulkin 25 ga Nuwamba 2010 ya ce duk ɗan ƙasa, mace ko namiji, da ya cika shekara 18 kuma yake da cikakken ƴancinsa, mai zaɓe ne. Ya kuma ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Ita ma dokar zaɓe, a ƙudurinta na 8, waɗanda aka yanke wa hukunci na ƙarshe ta fitar daga jerin masu zaɓe, kamar wanda aka ɗaure shekara guda ko fiye. Da wannan ƙuduri ne aka yi watsi da takarar Hama a 2020, bayan ɗaurin shekara guda da aka yi masa a 2017. Ke nan doka ta bambanta wanda aka hukunta da wanda ke jira.

To amma fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason ƙasar nan masu jira ne. Kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin yadda ake shiga wannan sahu. Mutum ya ɗauko kaya bashi, ciniki ya ƙi, mai kaya ya kai ƙara cewa an ci amanarsa. Uwar adashi kuɗi sun maƙale mata a hannun wata, sai ga sammaci. Daga komisariya sai gaban alƙali, daga nan sai kaso, kwanan wata ya yi ta ja. Sunansa na nan cikin jeri, katin zaɓensa na gida cikin akwati, amma ranar zaɓe ba ya da ƙafar zuwa rumfa. A shekarun da muka yi muna kawo rahoton zaɓe a rediyo, mun ga akwati ya je rugage a bayan mota, ba mu taɓa ganin ya shiga gidan kaso ba. Babu alƙalin da ya ƙwace wa mutumin nan ƙuri'a. Ƙofa ce ta ƙwace.

Wasu ƙasashe sun je kotu a kan haka. A Afirka ta Kudu, cikin 1999, kotun tsarin mulki ta gaya wa hukumar zaɓe cewa tun da majalisa ba ta yi dokar hana fursunoni ba, hukumar ba ta da ikon hana su ta hanyar naɗe hannu, sai ta yi musu rajista ta kai musu akwati. A Gana kotun ƙoli ta yanke irin wannan hukunci a 2010, amma sai daga baya fursunoni suka fara jefa ƙuri'a. Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa, babbar kotun tarayya da ke Benin ta ba su gaskiya a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta sake tabbatarwa a 2018, duk da haka zaɓen 2023 ya wuce ba su yi ba.

Akwai masu cewa fursuna a hannun hukuma yake, wanda ke riƙe da mabuɗi na iya juya shi yadda ya so. Wannan tsoro ba na banza ba ne. Sai dai maganinsa shi ne labule, da wakilan ƴan takara, da ƙidaya a gaban jama'a, kamar kowace rumfa. A ganinmu kuma, ɗan takarar da ya san akwai ƙuri'a a kason Maradi ko na Damagaram zai fara tambayar cunkoso da abinci, da dalilin da ya sa takardar mutum ke shekara ba a buɗe ta ba.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 tsarin mulkin 2010 ba ya aiki, kuma dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗibar wa hukumomi shekara 5, da yiwuwar sauyi. Duk ranar da aka zauna rubuta sabon tsarin mulki da sabuwar dokar zaɓe, muna so a rubuta a fili wa zai yi wa mai jiran shari'a rajista, wa zai kai masa akwati, kuma a wace gunduma za a ƙirga ƙuri'arsa.