Kilt a teburin ciniki: a daina cewa siket ne

Jama'a, duk sanda hoton ɗan Sikotlan ya fito sanye da kilt, sai ka ga mutanenmu sun ɓarke da dariya, wai ga ƙato da siket. Ni dai wannan dariyar ba ta burge ni, balle ga masu neman hulɗar kasuwanci da ƙasashen waje.

Kilt kayan maza ne, asalinsa na mutanen tsaunukan Sikotlan. Ulu ne mai nauyi, cikakken ɗinki kan ci kusan yadi 8, a tattare shi ta baya, ya sauko daidai tsakiyar gwiwa. A 1746, bayan an murƙushe tawayen 'yan tsaunin, gwamnatin Birtaniya ta haramta shi, wanda aka kama karo na farko wata 6 zai yi a kurkuku. Sai a 1782 aka soke dokar. To wanda aka ɗaure kakanninsa saboda tufafi, ka yi masa dariya a teburin ciniki, kana sa ran ya sa hannu a takardarka?

Amma fa su kansu ba kullum suke zuwa ofis da shi ba. Kwat da wando ne kayan aiki. Kilt ya fi fitowa a biki, yaye ɗalibai, liyafar kamfani da kallon ƙwallo. Wanda zai sa shi a ganawar rana, akwai ƙa'ida: jaket mara ƙyalli, jakar fata mara ado a gaba, wadda suke kira sporran tunda kilt ba shi da aljihu, da doguwar safa. Jaket mai maɓallan azurfa na dinar dare ne. Shiga taron ƙarfe 9 na safe da shi tamkar zuwa banki ne da aska takwas da alkyabba.

Ita kuwa 'yar wuƙar da ake sokewa a safa, duk da doka ta yarda da ita cikin kayan gargajiya, a ganina a bar ta a gida. Masu gadi a ƙofar kamfani ba ruwansu da tarihi, a filin jirgi kuwa ƙwace ta za a yi.

Humza Yousaf, Musulmin da daga baya ya shugabanci gwamnatin Sikotlan, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016, har da harshen Urdu. Ko shi ma za ku ce siket ya ɗaura?