Zauren Iyali: Kunun Jariri Ya Yi Kauri

Idan zafi ya tsananta, mun saba ɗura wa jariri ruwa don tausayi. Alhali kafin wata 6 nonon uwa ya ishe shi ci da sha, ruwan kuwa sau da yawa zawo yake jawowa.

Da ya cika wata 6, sai mu fara ba shi kunu sau 2 ko 3 a yini. Tsararon koko cika ciki kawai yake yi, ya bar yaro da tamowa. Mu dama da kauri, mu zuba garin gujiya ko na wake, da ɗan mai. Zuma kuwa sai ya shekara.

Shayarwa ta ci gaba har shekara biyu, kamar yadda Alƙur'ani ya ambata. Allah Ya raya mana zuri'a.