Jabun Kayan Keke Na Neman Ran 'Ya'yanmu a Hanyar Dadin Kowa

Duk ɗan kasuwar da ya sayar wa yaro robar birki alhali ya san jabu ce, da ran mutum yake wasa, kuma ya kamata a faɗa masa haka a ƙofar shagonsa.

Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, keke ya dawo unguwarmu ta Malam Inna a garin Gombe. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta wuce 1,000. Mai mashin ya jingine mashin ɗinsa, ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe suka gaji da kuɗin acaɓa, magidanta suka kakkaɓe tsofaffin kekunan da ke zaure. Har wasu samarin unguwarmu suka haɗa kai, ranar Asabar su ɗauki hanyar Biu zuwa madatsar ruwa ta Dadin Kowa, tafiyar kusan kilomita 40, su huta a bakin ruwa su juyo. Wannan ya fi mini zaman majalisa da shaye-shaye nesa ba kusa ba.

Na taɓa rufa musu baya a kan mashin da jarkar ruwa, kuma abin da na gani har yau yana ƙona mini rai. Ko Liji ba mu wuce ba tub ɗin wani ya sace. Aka cire, aka duba, babu ƙaya babu ƙusa, kawai ya tsage ne ta gindin bawul. Sabo ne fil. Aka goga, aka shafa sholisho, aka manna faci, ana ba shi iska facin ya ɗaye. Wajen Kwadon sarƙar wani ta tsinke, ya tsuguna yana dukan ta da dutse, hannu duk baƙin mai. Wani feda ta karye masa a ƙafa. Mafi muni shi ne na wani gangare: yaro ya matse birki, robar ta marmashe kamar ƙuliƙuli, ga tifa ta taso a bayansa. Faɗawa ya yi gefen titi da gangan don ya tsira. Fatar gwiwarsa da ta hannunsa a kan tsakuwa ta tsaya.

Da muka koma da guntun robar wajen mai shagon da ya sayar masa da ita, ko kunya bai ji ba.

"Alhaji, ai akwai na ɗaya akwai na biyu. Kuɗin na biyu ya kawo."

To ka gaya masa na biyu ne? Ka gaya masa ba zai tsayar da keke a gangare ba? A kwalin da aka buga sunan kamfanin kirki ka ba shi, ka rantse masa da Allah mai kyau ne. Na san naira ta faɗi, na san kaya sun yi tsada daga tashar jirgin ruwa. Tsada ba ta halatta ƙarya.

Abin takaicin, mun san keken kirki a ƙasar nan. A da a Kano ake harhaɗa keken Raleigh, kuma dattawan da suka saye shi da kuɗin gyaɗa da auduga sun hau shi shekaru, suka bar wa 'ya'yansu gado. Yau ko tub sai an shigo mana da shi, kuma mafi arha da ya fi saurin lalacewa ake zaɓo wa talaka. Masu facin da suka san aiki, masu iya ɗaure wayoyin gargare har ya miƙe sak, yawancinsu sun koma gyaran mashin tun lokacin da keke ya ja baya. Daga garin Gombe zuwa bakin dam, in keke ya lalace maka, addu'a kake yi ka samu ko mai famfo.

Masu mulki kuwa sun iya hawa keke gaban kyamara. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma keke, har mota ta jefa shi kwata a Abuja. Tun 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke, jami'ai su sa hular kwano su zagaya gari a ɗauki hoto. Wa ya taɓa ganin ɗayansu ya shiga layin masu kayan keke ya buɗe kwali ya gwada birki? Akwai waɗanda ake biya albashi don duba ingancin kaya. Ina suke?

Shugabannin kasuwa sun san masu shigo da wannan shara, sun san rumfunansu ɗaya bayan ɗaya. Su tilasta a rubuta na ɗaya da na biyu ƙarara, a ba da rasit, wanda aka kama da jabun birki a kwashe kayansa a kai shi gaban alƙali. Yaron nan har yanzu ɗingishi yake yi, kuma mahaifinsa ne ya biya kuɗin ɗinki, mai shago bai ba da ko sisi ba.