Ƙaura Da Mai Juna Biyu: Nauyin Da Ke Kan Miji Da Wanda Ke Kan Maƙwabta

Ƙaura daga gari zuwa gari ta zama ruwan dare a gidajen Musulmi a wannan zamani. Ma'aikaci kan wayi gari da takardar canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja ko Fatakwal. Ɗan kasuwa kan ga harkarsa ta fi tafiya a Legas. Manomi kuwa 'yan bindiga ne kan tashe shi daga ƙauyensa, ya nufi Gusau ko Katsina da abin da hannunsa ya iya ɗauka. A duk waɗannan, hirar da ake yi a majalisa ta kuɗin haya ce da kuɗin mota da la'adar dillali. Ba kasafai ake tambayar halin da uwargida take ciki ba, alhali sau da yawa tana riƙe da yara biyu ko uku da ba su san inda ke musu ciwo ba, ga kuma juna biyu. A ganinmu, halin wannan baiwar Allah ne ya kamata ya yanke lokacin tashi da wurin sauka da irin tanadin da za a yi. Nauyin hakan kuma ya rataya a wuyan ɓangare biyu: mijin da ya ɗauko ta, da jama'ar da ta sauka a cikinsu.

Ya kamata mu fara da sanin abin da take bari a baya. A garinsu, mace mai ciki tana kewaye da mutane ko da ba ta lura ba. Akwai mahaifiyarta da yayyenta, akwai maƙwabciyar da za ta karɓi yara ranar awo, akwai ma'aikaciyar asibitin da ta san yadda haihuwarta ta baya ta kasance, akwai tsohuwar da za ta zo ta zauna mata zaman jego har a yi arba'in. Al'adar goyon ciki, inda mace kan koma gidan iyayenta don haihuwar fari, ta samo asali ne daga fahimtar kakanninmu cewa wannan lokaci bai dace da kaɗaici ba. Motar ɗaukar kaya za ta ɗauki gado da katifa da tukwane, amma ba za ta ɗauko ko ɗaya daga cikin waɗannan mutane ba. Miji da ya isa sabon gari yana da abokan aiki tun daga ranar farko, yana da masallacin da zai haɗu da jama'a sau biyar a yini. Ita kuwa tana iya yin mako guda ba ta yi magana da babban mutum ba sai shi.

Tarihin Musulunci bai manta da irin waɗannan mata ba. Sayyida Asma'u 'yar Abubakar, Allah Ya ƙara musu yarda, ta bar Makka zuwa Madina cikinta ya tsufa, tafiyar da ta haura kilomita 400 a cikin sahara. Da ta sauka a Ƙuba ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu, wanda shi ne jariri na farko da aka haifa wa Muhajirai bayan hijira. Ta kai shi wurin Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya tauna dabino ya sa masa a baki, ya yi masa addu'a, Musulmi suka yi murna ƙwarai. Sayyida Ummu Salama kuwa, danginta ne suka tare ta a ranar tafiya suka raba ta da mijinta, dangin mijin kuma suka ƙwace ɗanta Salama, aka yi ta jan yaron har hannunsa ya goce. Ta shafe kusan shekara tana fita bayan gari tana kuka kafin a sake ta. Ta ɗauki ɗanta ta hau raƙumi ita kaɗai, sai a Tan'im ta gamu da Usmanu ɗan Ɗalha, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya ja mata akala har Ƙuba cikin cikakkiyar mutuntawa. Malaman sira sun kuma ruwaito cewa Sayyida Zainab, 'yar Manzon Allah, tana da ciki lokacin da ta fito daga Makka bayan yaƙin Badar, wasu Ƙuraishawa suka bi ta suka tsorata ta da mashi, ta yi ɓari.

Abu biyu ne ya fito fili a waɗannan labarai. Na farko, larura ce mai girma ta fitar da su, wato tsira da addini, kuma duk da haka tafiyar ba ta zo musu da sauƙi ba, har aka yi asarar ciki. Na biyu, akwai waɗanda suke jiransu a inda suka nufa. Mutanen Madina sun buɗe gidajensu, Annabi kuma ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, kamar yadda ya haɗa Abdurrahman ɗan Aufu da Sa'adu ɗan Rabi'u. Duk wanda zai kafa hujja da haƙurin matan sahabbai don ya ce wa matarsa ta daure, sai ya tambayi kansa ko ya tanadar mata irin masaukin da suka tarar.

Hakki na farko da ke kan miji shi ne shawara. A aya ta 233 ta Suratul Baƙara, Allah Ya rataya yaye jariri kafin cikar shekara biyu a kan yardar iyayen biyu da shawarar juna. Idan har cire yaro daga nono yana buƙatar a zauna a tattauna, to ina ga cire iyali gaba ɗaya daga garinsu? Malaman Malikiyya, waɗanda mazhabarsu muke bi a wannan yanki, ba su bai wa miji damar tafiya da matarsa haka kawai ba. Sun gindaya sharuɗɗa, daga ciki akwai amincin hanya, da kasancewar mijin abin amincewa a kanta, da kuma kada a kai ta inda labarinta zai yanke daga danginta. Aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ kuma ta wajabta wa miji ya samar wa matar da ya saka masauki gwargwadon ƙarfinsa, kada ya ƙuntata mata, idan tana da ciki ya ciyar da ita har ta sauka. Idan wannan ne hakkin wadda aka saka, wadda igiyar aure ke kanta ta fi cancanta. Saboda haka magidancin da zai shigo da dare ya ce a ɗaure kaya, jibi za a tashi, ya tauye hakkin da addini ya tabbatar, ko da niyyarsa neman halal ce.

Wasu kan ce ai komai na Allah ne, kuma Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, ya bar Sayyida Hajara da jaririnta a kwarin da babu shuka babu mutane. Wannan hujja ba ta tsaya ba. Annabi Ibrahim umarni ya samu daga Ubangijinsa, kuma Hajara ba ta natsu ba sai da ta tambaya ta tabbatar da hakan. Duk da haka bai tafi ba sai da ya ajiye musu jakar dabino da salkar ruwa. Babu wanda aka yi wa wahayi a cikinmu ya kai iyalinsa unguwar da babu asibiti. Tawakkali na gaskiya yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

Ɗaure raƙumi a nan yana nufin abubuwa sanannu. Kafin a biya kuɗin haya, a san nisan gidan da asibitin da ke karɓar haihuwa dare da rana, kuma a san ko ana yin tiyata da ƙarin jini a can, domin zubar jini bayan haihuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, kuma ba ya jiran gari ya waye. A san wanda zai bayar da mota ko a-daidaita-sahu da ƙarfe biyun dare. A karɓo katin awo da sakamakon gwaje-gwaje daga tsohon asibiti, a yi rajista a sabon a makon farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, kuma ƙaura na daga cikin abubuwan da ke yanke wannan zuwa. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa a 2020 a Najeriya suke. Ƙasar da haka take, sakaci da awo a cikinta ganganci ne. Miji ya kuma san alamomin da ba a kwana da su a gida: zubar jini, ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannuwa, gani dishi-dishi, jijjiga, da daina motsin ɗa.

Idan akwai zaɓi a kan lokaci, likitoci sun fi natsuwa da tafiya a tsakiyar ciki, bayan laulayin farko ya lafa kuma kafin nauyi ya yi yawa. A hanya kuma a tsaya a huta, a sha ruwa, a miƙe ƙafa, kada a cusa ta a kujerar baya da yaro a cinya na awa goma a kan hanya mai ramuka. Manzon Allah ya taɓa umartar Anjasha, mai kora raƙuma da waƙa, ya sassauta tafiya saboda matan da ke kai. Haka nan ɗaure kaya da ɗaga su da share sabon gida ba aikin mai ciki ba ne. Idan kuwa wata ya kama, ko aikin miji bai ba shi damar zama a gida ba, babu aibi ya riga su tafiya, ta haihu a gaban iyayenta, su biyo shi bayan arba'in, muddin ciyarwa da kulawa ba su yanke ba.

Yara ma suna da nasu rabon wahalar. Lokacin da sahabbai suka isa Madina, zazzaɓin garin ya kwantar da Abubakar da Bilal, har Annabi ya roƙi Allah Ya sanya musu son garin Ya kuma inganta lafiyarsa. Idan manyan maza sun jigata da baƙon ruwa da baƙuwar iska, ƙaramin yaro ya fi kusa. A tafi da katin rigakafinsu, a ci gaba daga inda aka tsaya, domin alluran mako 6 da 10 da 14 da ta ƙyanda a wata 9 ba sa jiran a gama jera ɗaki. A rataya gidan sauro tun daren farko. A nema musu Islamiyya da wuri, don su sami abokai kuma kada karatu ya zube. Yaron da ya koma fitsarin kwance ko yawan rigima bayan ƙaura kewar gida ke damunsa, ga kuma ƙani na tafe da zai raba shi da cinyar uwa. Rarrashi yake buƙata, kuma uba ne ya fi dacewa ya ɗauke wa uwa wannan aiki.

Sai mu juyo ga 'yan gari. Akwai ƙaurar da babu shawara a cikinta babu zaɓin lokaci. Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye unguwannin Maiduguri cikin dare, mata masu ciki sun fito ne da abin da ke jikinsu. Haka matan da hare-hare suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato. A irin wannan hali miji ba shi da abin tanadi, nauyin ya koma kan waɗanda aka sauka a wurinsu. Allah Ya ambaci matafiyin da guzurinsa ya yanke cikin mutane takwas da zakka ta halatta gare su, Ya kuma yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa. Baƙuwa mai ciki da ta sauka kusa da gidanmu ta haɗa hakkin biyu.

Abin takaici, zaman birni ya rage wannan ɗabi'a. Katanga ta yi tsawo, ƙofa tana kulle, har a yi suna a gida maƙwabci bai san an haihu ba. Wasu masu gidajen haya kuma da sun ga mutum da yara da mata mai ciki sai su ce an riga an kama ɗakin. Gyaran bai buƙaci kuɗi mai yawa ba. Limami da kwamitin masallaci su tambayi sabuwar fuskar da suka gani a sahu ko ya zo da iyali. Ɗaliban Islamiyyar matan aure su shiga su yi wa baƙuwa sannu da zuwa, su nuna mata asibitin da ya fi kula da mutane, ɗaya ta raka ta awon farko, wata ta riƙe mata yara. Matasa da ɗalibai su taimaka da sauke kaya da ɗebo ruwa, masu lafiya kuma su kasance a shirye su ba da jini in an nema. Da ɗan gari akan ci gari, kuma abin da baƙo zai yi wata yana lalube, maƙwabci zai nuna masa a rana guda.

Ga 'yar'uwa da ta sami kanta a wannan hali, muna tunatar da ita cewa kunya ba ta hana faɗin ciwo. Ta gaya wa mijinta abin da take iyawa da wanda ba ta iyawa, ta buɗe ƙofarta ga maƙwabta na kirki, ta riƙe zumunci da danginta ta waya. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi salla, ya ba mai cikin da ke tsoron cutuwa damar ajiye azumi ta rama, ba zai zarge ta don ta nemi taimako ba.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuriya a kan sunna, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci, Ya kuma sa mu zama maƙwabtan da baƙo zai yi godiya ga Allah da ya sauka a kusa da su.